Ƙyalle Na Shida

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif. Mu huɗu ne ranar a rumfar ƙofar gidanmu da ke Jambutu. Akwai Yohanna direba, mutumin wajen Ganye, mai farar bas ɗin da aka sauke wa inji. Akwai Emeka mai sayar da kayan mota a Jimeta, wanda ya kawo bawul ɗin. Akwai maigidana, wanda gari ke kira Bappa Sali bakanike. Sai ni. Mu uku muna nan har yau muna shan iska. Na huɗunmu ko kabarinsa ba mu da shi.

Sunan nan nasa ma ba bakina ne ya faɗa ba, mai rubutun ce ta sa. Ni Malam nake ce masa. Ban yi boko ba, allona kuma bai yi nisa ba, saboda haka 'yata ta fari ce riƙe da biro, ni ina faɗa. A Adarawo aka haife ni, a gidan da ba a kama sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Har yau bakina bai kira ta ba. Ta rubuta sunanta da hannunta: Hajara. Na ce mata duk abin da ta ji ta rubuta shi yadda ya fito, kada ta gyara, kada ta tsaya. In kuka ne ta bari sai mun gama.

Wanda bai san bawul ba, ya ɗauka wata babbar ƙusa ce mai faffaɗan kai. Ita ce ƙofar numfashin inji. Wani bawul yana buɗewa mai da iska su shiga, wani yana buɗewa hayaƙi ya fita, kowanne kuma ya koma ya rufe ruf a mazauninsa. Na hayaƙin shi ne wahalalle, don a cikin wuta yake wuni. Malam yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in bawul ya bar kafa ko ta silin gashi ce, wuta za ta bi ta nan tana lasa, tana lasa, har ta ɓalle bakin ƙarfen. Ranar da ta ɓalle shi kuwa ba ta tambayar ko kana cikin gari ko kana tsakiyar daji.

Shi ya sa bawul ba ya shiga inji a rumfarmu sai ya ci jarrabawa. Da farko Malam zai mirgina shi a kan wani gilashin taga da ya ajiye, ya ga ko ƙafarsa ta karkace. Sai ya rataye shi da zare ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Sai ya kawo mayen ƙarfe ya kanga a kan na hayaƙin. In maye ya kama shi da ƙarfi, sai ya girgiza kai, ya ce wannan ba ɗan wuta ba ne. Wanda ya tsallake, zai shafa masa wani baƙin ƙullu mai yashi-yashi daga ƙaramin gwangwani, ya zaunar da shi, ya kafa masa sanda mai roba a baki, ya yi ta murzawa tsakanin tafukansa kamar mace na burga miya. Bawul ɗaya kan cinye masa daga hantsi zuwa azahar.

Daga nan sai nawa aikin. Za a kifa kan injin bisa bulo biyu, a cika kowane gurbi da kananzir. Ni kuma na riga na yayyaga farin ƙyalle gida takwas, in cusa ɗaya a kowane rami ta gefe, inda kananzir zai ɓullo in ya sami hanya. A bar shi daga azahar zuwa bayan la'asar. Sai in wanke hannuna da toka, in zaro su ɗaya bayan ɗaya, in duba a rana, in sansana. Malam ba ya taɓa ƙyallen. Ya ce hannun bakanike ba ya shaida, don ko'ina maiƙo ne, hancinsa kuma fetur ya kashe shi tuntuni. Shekara ashirin da wani abu ni ce idonsa da hancinsa a wannan wurin. Alƙali yake kirana. Ban taɓa yi wa wani sassauci ba. Na taɓa sa an sake murza bawul sau uku, mai motar wani babban ma'aikaci yana tsaye yana huci, na ce masa in sauri yake yi ya hau jaki.

Jarrabawar ƙarshe ita ce gado. Wani tebur ne na ƙarfe da katakon maɗaci, a kansa ake ɗaure inji, a jawo masa ruwa daga duro, a sa bel a haɗa shi da tsohon injin niƙa don ya ji nauyi. Kwana uku yana aiki. A bar shi ya yi zafi har ruwan duro ya yi tururi, a kashe ya huce, a sake tayarwa, don Malam ya ce ba gudu ke kashe ƙarfe ba, zafi da sanyi ne. Matan unguwa sun san in an ji ƙara a gidanmu niƙa kyauta ce, sai ka ga ƙwarya a jere har bakin titi. Shi kuwa yana zagaye injin da doguwar sukundireba, tsininta a jikin ƙarfe, ƙotarta a kunnensa. A rana ta uku ya buɗe ya dubi launin bawul. In ya yi kalar shayi da madara, mai mota ya zo ya ɗauki abinsa. Kuma yana da doka ɗaya da kowa ya sani: injin da bai kwana uku a gado ba, in dole ta sa ya fita, ƙafarsa ƙafar Malam.

Yanzu idan na fita zuwa asibiti ko gaisuwa, ina leƙen garejin da suka cika Jambutu da hanyar Bekaji. Ido ne da ni, ba na iya hana shi. Na ga ana murza bawul da injin huda katako, kafin a sha ruwan leda ɗaya an gama takwas. Na ga wani ya kafa baki a rami ya hura, ya ce ai ba ya yoyo. Masu keke mai ƙafa uku kuwa ba sa ma jira a murza, a cire kan injin gaba ɗaya a jefa wani, gobe a dawo. Akwai masu ɗaura wa mota kwamfuta ta faɗa musu ciwonta. Ban raina ba, wataƙila tana gani, amma ban taɓa ganin ta sa wani ya jira kwana uku ba. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne, faɗan nawa ne. Zai tsaya ne ya kasa kunne ga kekunan da ke wucewa, ya riƙa cewa wannan saura wata ɗaya, wannan ba zai ga salla ba. Da ni ce a da, da na tsaya na wanke su tas. Yanzu sai in ja mayafina in wuce, don wanda ya san abin da ke ƙulle a bakin zanensa ba ya yi wa wani gorin sata.

Ga abin da ke ƙulle a nawa.

A shekarar da mutanen arewacin jihar nan suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa, Hajara tana aure a wajen Michika. Sun gudu zuwa Mubi, can ma wuta ta same su. Kwana biyu ba mu ji ɗuriyarta ba. A rana ta uku da hantsi wayar Malam ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ita ce, da wayar wani bawan Allah. Ta ce suna wani ƙauye gaba da Hong, ita da yara uku, sun rabu da mijinta a daji, ƙaramin yana zazzaɓi, ƙafarta ta kumbura, duk motar da ta wuce a cike take. Ta ce mutane na cewa masu bindigar na tafe. Sai wayar ta yanke.

Ban yi kuka ba. Ban ma tambayi me ta ce ba, daga bakin ƙofa na ji. Uwar 'yar fari ba ta nuna damuwa. Na koma na ci gaba da tankaɗe.

Babu direban da zai yarda ya nufi can. Yohanna ne ya ce shi zai je, don shi ma akwai mutanen cocinsu a hanyar. Amma bas ɗinsa ga ta nan ba inji, kan injin yana bisa bulo, da safiyar nan Malam ya gama murza na takwas. Malam ya ce gado dai ya yafe, amma ƙyalle ba zai yafe ba. In ya fito a bushe, su haɗa inji da yamma, a kama hanya da asuba. In ya jiƙe, gobe a sake murzawa, a tafi jibi.

Tun jiya yake shakkar bawul na shida, na hayaƙi ne, maye ya ɗan kama shi. Emeka ya dafa ƙirji.

"Abeg Baba, wannan kaya orijina ne. In ya ba ka kunya ka zo shago ka yanka ni."

"Wa zai ci namanka, Emeka? Duk ƙashi ne," in ji Yohanna.

Suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Malam bai yi ba. Ya ce, "Ba ni zan faɗa ba, ba kai za ka faɗa ba. Alƙali na nan."

Bayan la'asar na wanke hannu na fito. Na zaro na farko, a bushe. Na biyu, na uku, har na biyar, fari fat. Na zaro na shida. A bakinsa akwai wani ɗan tabo, bai kai ƙwayar gero biyu ba, ƙyallen ya yi duhu a wurin kamar an ɗiga man gyaɗa. Ban ma kai shi hanci ba warin ya iso ni. Na juya musu baya kamar ina neman hasken rana. Jibi, na ce a raina. Yaro mai zazzaɓi, mace mai kumburarriyar ƙafa, jibi. Na dunƙule shi a tafina, na zaro na bakwai da na takwas, na haɗa su duka a hannu ɗaya.

"Alƙali, yaya?"

"Ya bushe."

Emeka ya yi tsalle yana tafi. Yohanna ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah. Babu wanda ya ce in nuna. Wa zai ce in nuna? Shekara ashirin ban taɓa rufa wa ƙarfe asiri ba.

Ina so masu karatu su san iyakar laifin, kada a rage mini. Lokacin da na ce ya bushe, a zatona Yohanna ne zai tafi shi kaɗai. Wato na yarda in ɗora ɗan wata a kan injin da na san yana yoyo, in tura shi bakin wuta, don tawa ta dawo. Na manta da dokar Malam, ko kuwa na sa kaina na manta. Sai da suka ɗaga kan injin za su kai mota na ji ya ce wa Yohanna, "Bai hau gado ba. Ka bar mini kujerar gaba." Ƙyallen yana ƙulle a bakin zanena. Allah ya sake buɗe mini ƙofa a karo na biyu, ina tsaye ina kallonta. Da na kwance ƙullin nan da an fasa. Na shiga gida na ɗora tukunya.

Sauran labarin daga bakin Yohanna da Hajara na ji shi. Sun isa, sun same su a gindin wata tsamiya. Mutane suka yanyame motar, aka cika ta har kan rufi. A dawowa, a wani hawa tsakanin Hong da Gombi, inji ya fara tari, yana harbi ta salansa, ƙarfinsa na zubewa, har ya tsaya. Allah ya kawo wata tifa, aka kwashe mata da yara. Malam ya ce Yohanna ya bi su ya riƙe masa jikoki. Akwai tsofaffi da marasa lafiya da ba su iya hawa tifar ba, ya ce ba zai bar su a titi ba, a ba shi zuwa la'asar zai tada motar. Wani dattijo da ya iso Yola bayan kwana huɗu ta daji ya ce shi ne na ƙarshen barin wurin, da aka fara jin harbi daga nesa. Ya ce ya waiwaya ya ga bakaniken zaune a bakin hanya, kan inji a gabansa bisa duwatsu biyu, yana murza sanda tsakanin tafukansa.

Shi ke nan abin da muke da shi. Da hanya ta buɗe Yohanna ya je ya tarar da gawar motar a ƙone. Kan injin na nan a kan duwatsun. Ya tsinto bawul ɗin da aka cire ya kawo mini, bakinsa a ɓalle kamar ɓera ya gutsura. Bai sai an gaya mini na rami na nawa ba ne. Na jira shekara huɗu kamar yadda malamai suka ce, sannan na yi takaba.

Masu zuwa gaisuwa da sunana suke ba ni haƙuri. Su ce, Dada, ƙaddara ce, ai ke kin duba, da akwai abu da kin gani. Kowace irin wannan magana kamar a zuba mini garwashi a tafi a ce in rufe. Sai laifin ya tashi ya sauka a kan Emeka, don shi ya kawo kayan. Ba wanda ya faɗa masa a ido, shi ya ɗora wa kansa. Ya daina sayar da bawul, daga baya ya rufe shagon ya tafi garinsu, ya dawo bayan shekara biyu kansa fari. Kowace shekara ranar sadakar Malam yana zuwa da buhun shinkafa, ya durƙusa a zaure, mutum mai jikoki, ya ce, "Mama, ka yafe ni. Ni ne ya kashe Baba." Ni kuma in ce masa ya tashi, Allah ya yafe mana duka. Shekara da shekaru ina karɓar shinkafar nan ina dafawa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma akwai abin da in ka ajiye a ciki, cikin wani yake ci.

Bana ma da haka za ta wuce, ba don Yohanna ba. Yanzu keke yake ja a Bekaji, gwiwa ta hana shi doguwar tafiya. Bayan an shafa fatiha yana shan kunu, sai ya ce akwai abin da ya daɗe yana ba shi mamaki. Ya ce a Song, tun suna tafiya, Malam ya sa ya tsaya, ya kafa sukundireba a kunne, ya daɗe yana saurare. Sannan ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya duba ya mayar: gwangwanin ƙullu, sandar murzawa, da wani tsohon bawul na hayaƙi guda ɗaya. Yohanna ya ce masa, Bappa, me za ka yi da wannan, ba Dada ta ce ya bushe ba? Sai Malam ya yi murmushi ya ce, "Shekara ashirin ba ta taɓa ba ni amsa ba sai ta haɗa da faɗa. Jiya kalma biyu ta yi."

Yohanna ya faɗi haka yana dariya, a matsayin halin miji da mata. Ni na tashi na shiga ɗaki.

Ashe ya sani. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa mutum ne da ke jin ciwon ƙarfe ta cikin ƙarfe. Ya sani, bai tona ni a gaban maza ba, bai ce in buɗe hannu ba. Ya ɗauki ƙaryata ya sa a aljihu tare da maganinta, ya hau kujerar gaba. Ko don shi ma zuciyarsa na gindin tsamiyar nan ne, ko don ya rufa mini asiri ne, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ba na cewa da na faɗi gaskiya da komai ya yi daidai. Wataƙila da jibi ta yi, da babu wanda za a tarar a gindin tsamiya, da wannan mai rubutun ba ta zaune a gabana, da ƙaramin da ya yi zazzaɓi bai kai ga sakandare ba. Na auna wannan a raina fiye da yadda na auna hatsi a rayuwata, mudun bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Abin da na sani shi ne hukuncin ba nawa ba ne ni kaɗai. Da na buɗe hannu, mu huɗu mu dubi tabon, kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe. Na zaɓar wa mutum uku, na bar ɗaya ya biya da ransa, ɗaya da kwanciyar hankalinsa.

Emeka, na san 'yarka tana karanta Hausa, ta karanta maka wannan. Kai ka kawo ƙarfe, ba ka san cikinsa ba, don haka aka yi jarrabawa. Jarrabawar ta kama shi. Ni na sake shi. Baɗi kada ka kawo shinkafa, kada ka durƙusa. In za ka iya zuwa, ka zo ka zauna a kujera, ni zan durƙusa. Yohanna, kai ma ka ji abin da na yarda a yi da ranka.

Me ya rage na Malam? Gadon yana nan a rumfa, 'yan gwangwan sun taya har sun gaji, na ce sai bayan raina. Gilashin tagar yana nan. Matan da suka ci niƙa kyauta sun tsufa, wasu sun ƙaura. Akwai injunan ban ruwa a bakin Binuwai da aka ce har yau ba a sake buɗe su ba tun da suka sauka daga gadonsa. Aikinsa duk ya riƙe. Wuri ɗaya ne ya yi yoyo, wurin da ya miƙa amana ga hannun da ya ɗauka ya fi nasa tsabta.

Hajara ta ajiye biro sau biyu, na ce ta ɗauka. Saura kaɗan.

Washegarin ranar da na ce ya bushe, da aka idar da sallar asuba, motar ta tashi. Ban raka su bakin titi ba, daga zaure na tsaya ina jin ƙararta har ta ɓace. Na san in sun dawo za su dawo da yunwa, saboda haka na shiga madafa na jera itace. Itacen ɗanye ne, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Na kwance bakin zanena, na fito da ƙyalle na shida, na cusa shi ƙarƙashin itacen, na ƙyasta ashana. Ta wurin tabon wutar ta fara kamawa.